An Rage Tara, Ba a Rage Suna Ba

Birnin Gwari,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a gidan Kawunka Sale a Kaduna, kai da mutanen gidan duka. Allah Ya tsare ka a masauki kamar yadda Ya tsare ka a hanya, Ya raba ka da sharrin daji da sharrin gari, Ya nuna mana ƙarshen wannan al'amari cikin alheri. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Na ce mata mutumin da ba ya ɗaukar wayar ubansa ba zai amsa zancen tuwo ba, amma ga shi dai na tambaya.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Na fara rubutun nan a zaure, na tashi na koma gindin dalbejiya, na sake dawowa zaure, zama ya gagare ni tun jiya. Na san kana ganin sunana a waya kana kifa ta, shi ya sa na nemi biro. Takarda ba ta ƙara balle ta dame ka, ka buɗe ta lokacin da ka ga dama, amma don Allah kada ka kai gobe.

Kawunka ya gaya mini abin da ka shirya. Wai za ka sayar da motar, ka biya tarar da kotu ta ɗora maka, ka wuce Legas inda ba wanda ya san ka. Wata guda doka ta ba ka ka ɗaukaka ƙara, an riga an ci fiye da rabinsa. Ranar da ya cika kana shiru, magana ta zauna: a takardar hukuma kai direba ne da aka kama yana tuƙi cikin maye, kuma duk wanda zai ba ka makullin mota nan gaba sai ya fara jin wannan. Na san hanyar da kake shirin bi, domin ni na share ta. Ka saurare ni sau ɗayan nan, in ya so ka yi abin da ka ga ya fi.

Ka taso kana jin ana kirana Giya-ce a tasha. Har faɗa ka taɓa yi da wani yaro a firamare saboda sunan nan, ka dawo da leɓe a fashe, na yi maka faɗa maimakon in yi maka bayani. Innarka kaɗai ta san asalinsa. Yau zan gaya maka.

Kafin a haife ka ina jan wata tsohuwar a-kori-kura, daga Tsohon Birnin Gwari zuwa Kaduna, doya da masara da duk abin da Allah Ya kawo. Lokacin daji daji ne kawai, abin tsoronmu rami da faci. Akwai wata mata Bagwariya, Ladi, daga wani ƙauye bayan Gayam, na daɗe ina ɗaukar mata kaya, ba ta taɓa riƙe mini ko sisi ba. Wata rana ta zo da doyarta, da kuma jarka guda ta burkutu da za ta kai bikin 'yar ƙaninta. Ta gaya mini abin da ke ciki, ba ta ɓoye ba. Ta ce a ɗaure ta a baya tsakanin buhuna. Ni kuwa ka san wane ne kakanka, mai sunanka, ladanin masallacin unguwarmu. Na ce a raina, ɗan ladan da jarkar burkutu a bainar jama'a? Ƙin ɗauka kuma ban iya ba, don kunyar Ladi. Sai na faki ido na cusa jarkar a gaba, bayan kujerata, na rufe da buhu.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran 'ya'yansa ne. Abin da ba za ka iya ɗauka a fili ba, ka ce ba za ka ɗauka ba. In kuma ka ɗauka, ka ɗora shi inda kowa zai gani. Da jarkar nan tana baya inda mai ita ta ce, da yanzu ba ni da labarin ba ka.

Motar tana da ciwo a giya, ta uku tana zillewa in an shiga gangara, kullum ina cewa sai an dawo a kai ta gareji. Muna gab da shiga Kaduna, a wata gangara da ke da shinge a ƙasanta, giyar ta zille, birki ya yi sanyi, na tafi da durom ɗin shingen da bencin da masu kaki ke zama. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Amma jarkar nan ta tuntsuro, murfin ya fita, ta yi mini wanka tun daga ƙeya har cikin takalmi. Na fito ina tsami kamar tukunyar da aka manta a bayan ɗaki. Ladi tana ta magana daga baya, ba wanda ya saurare ta, aka kore ta da doyarta, ni kuma aka wuce da ni.

Kashegari aka kai ni gaban majistare. Da Turanci ake komai. Tafintan mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa da girma ya koye ta, ba laifinsa ba ne. Bakin da aka haifa cikin Hausa ya san giyar mota daban ake furta ta, giyar kwalba daban, shi kuwa duk ɗaya suke fita a bakinsa. Ni kuma tun a wurin 'yan sanda ba abin da nake maimaitawa sai zancen giyar da ta zille, ita ce cike da kaina. Ya juyo ya ce da ni:

"Alƙali ya ce, giya ne ya sa ka yi wannan ɓarna. Haka ne?"

Wani sanyi ya ratsa ni, na ce ashe alƙalin nan ya san mota. Na durƙusa na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Wallahi giya ce."

Ya ce, "Yau ka fara?"

Na ce, "Ina fa. Na daɗe ina fama da ita, kullum ina cewa zan rabu da ita, abin hannu ne bai kai ba."

Sai na ji dariya ta tashi a bayana. Kafin tafinta ya gama juya maganar na gane abin da na yi wa kaina. Alƙali ya rubuta cewa na amsa laifi, ya ƙara da cewa na ce na saba, ya yanka mini tara irin ta wanda ya saba.

Kana iya dariya, ni ma yanzu nakan yi in ni kaɗai ne. Amma ka riƙe wannan. Mu an hore mu da "haka ne" da "to" a gaban babba, ko mun gane ko ba mu gane ba, muna ganin ladabi ne. A kotu ba ladabi ba ne, sa hannu ne. Duk tambayar da aka yi maka, ka ce a maimaita, ka maimaita ta da bakinka, ka ji ta zauna, sannan ka amsa. Wanda ya ce ka cika jinkiri ba shi zai ɗauki hukuncin ba.

To, me ya hana ni gyarawa nan take? Wannan tambaya ta fi shekarunka tana bina. Bakina ya buɗe, Abba, har na ɗaga hannu. Sai na tuna in na ce giyar mota nake nufi, tambaya ta gaba ita ce, to warin fa? Daga nan sai jarka, sai Ladi, sai labari ya isa masallacin unguwarmu cewa ɗan ladan dakon burkutu yake yi. Na lissafa a tsaye, lissafin wawa: gara a ce na sha a Kaduna inda ba a san ni ba, da a ce na ɗauko a gida inda aka san ni. Na sauke hannuna. Na manta cewa duk abin da ya faru da direba a Kaduna da safe, kafin la'asar an sauke shi a tashar Birnin Gwari. Akwai direbobinmu biyu a kotun da suka zo nasu sha'anin, su suka riga ni gida da sunan.

Na tashi na sha ruwa na dawo. Bari in ci gaba.

Na biya tarar da gaggawa, na ci bashi na sayar da abin sayarwa, ina ganin in na biya maganar ta mutu. Ba ta mutu ba. Masu kaya suka fara janye jiki, wanda ya saba ba ni masararsa sai ya ce ai ya riga ya yi magana da wani. Kakanka kuwa bai ce mini komai ba. Bai zage ni ba, bai tambaye ni ba. Abu ɗaya ya canza. Tun ina yaro ni nake cika masa butar alwala in miƙa masa. Ranar da na dawo na miƙa, sai ya ce, "Ajiye nan." Da na juya baya na ji ya zubar, ya kira ƙanena ya sake ɗebo masa. Har ya koma ga Allah bai sake karɓar buta daga hannuna ba. Na so ƙwarai ya tambaye ni. Shi yana jira in faɗa, ni ina jira ya tambaya, a haka muka rabu.

Zafin butar nan ne ya kai ni wurin lauya, kwanakin ɗaukaka ƙara saura kaɗan. Kafin nan na ɓata lokaci wurin masu cewa "bari in ga mutumina a ciki", waɗanda ke zama a inuwar ƙofar kotu da tsohuwar jaka. Sun ci kuɗin shayina, sun ci kwanakina, ba wanda ya taɓa ganin mutumin nasu. Ka guje su. Ka je wurin lauya mai ofis da za ka iya komawa ka same shi gobe, Kawunka ya san wani.

Lauyan ya sa aka karɓo kwafin shari'ar, ya karanta, ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya nutsu ya yi mini bayanin da nake so ka ji da kyau. Ya ce ƙofa biyu ce a babbar kotu. Ƙarama ita ce ka ce ka yarda da hukuncin amma tarar ta yi nauyi, a duba. Babba ita ce ka ce hukuncin kansa ba daidai ba ne, a rushe shi. Ya ce tunda an rubuta na amsa laifi, babbar ƙofa tana da wuya, amma ba a kulle take ba, in za mu nuna ban fahimci abin da aka tambaye ni ba, kuma mu nuna inda warin ya fito. Ya ce, "Akwai wanda ya san zancen jarkar?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ka ji uban da ke maka wa'azi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na je wanka da riga. Duk wanda za ka ɓoye wa magana, kada ka ɓoye wa lauyanka. Ka gaya masa mai daɗi da mara daɗi, shi ya san wadda zai fitar da wadda zai ajiye.

Abin bai tsaya nan ba. Ana cikin haka, wata Juma'a da hantsi, na ji sallama a ƙofar gida. Ladi ce. Ta taho tun daga ƙauyensu, rabi a ƙafa, don ta ji abin da ake kirana da shi. Ina ɗaki ina jin muryarta tana gaya wa Innarka, lokacin tana amarya:

"Ki gaya wa direba ni na zo. Burkutu nawa ne, ba nasa ba. Shi ko ɗanɗana bai yi ba. Ya kai ni wurin alƙali, ni zan faɗa da bakina."

Kakanka yana zaure yana yanke farce, mutane suna wucewa. Na yi wa Innarka alama da hannu ta taga. Ta dube ni, ta sake dubana, sannan ta juya ta ce wa matar nan ba na nan. Ita ce ƙaryar farko da na sa uwarka ta yi, har yau in muka yi saɓani takan ce, "Ka tuna ni na ce ba ka nan." Ladi ta jira a gindin dalbejiyar nan da nake ta zarya a ƙarƙashinta yau, har aka yi kiran salla, sannan ta ajiye mana doya biyu ta tafi. Ba ta sake hawa motata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ta ƙaramar ƙofa muka shiga. An yi ta ɗage zama, in je a ce alƙali ya yi tafiya, in koma a ce fayil bai iso ba, kai ma ka shirya wa wannan, ka riƙa zuwa da guzurinka da haƙurinka. Daga ƙarshe alƙalin babbar kotu ya ce tarar ta wuce kima ga mutumin da ba a taɓa kamawa da laifi ba, ya rage ta. Lauya yana ta murna yana girgiza hannuna. Na dawo tasha ina jin kamar na ci yaƙi, ban gama fitowa daga mota ba wani ya ce, "Giya-ce, an dawo lafiya?" Sun rage tara, ba su rage suna ba. Abin da aka maido mini ma kuɗin mota ya riga ya cinye shi.

Saboda haka in ka tashi, ka buga ƙofofin biyu tare. Tararka ta yi nauyi, kuma Kawunka da ke wurin ya ce bakinka ne ya ƙara mata nauyi. Wai da alƙali ya ce wane irin tuƙi ne wannan na maciji, sai ka ce masa ya zo ya bi hanyar ya gani. Gaskiya ka faɗa, duk wanda ya san hanyarmu ya san mai tafiya a miƙe shi harsashi ke samu. Amma gaskiyar da aka jefa wa alƙali kamar dutse ba ta shiga takarda, rashin kunyar ce take shiga. Ni ladabi ya kashe ni, kai zafin rai, barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba, kowa dai da irin gudunsa. Ka bar lauya ya faɗi wannan magana da irin harshensu. Ka kuma gaya masa ba a gwada ka da komai ba, ba a sa ka busa na'ura ba, ba a ɗebi jininka ba, idon mutum da hancinsa kawai aka bi. Ni ban san doka ba, amma na san zai so jin wannan.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa tun farkon takardar nan.

Ranar da Kawunka ya tsaya maka aka sake ka, ka dawo gida ɗaukar kayanka, na tare ka a tasha. Ka durƙusa za ka gaishe ni. Ni kuma, a gaban direbobi da 'yan kamasho da masu shayi, na kama kafaɗarka na sunkuya na shinshina bakinka. Sannan na ce, "Ka sha ko ba ka sha ba?" Ka ɗago ka dube ni, ka tashi ka tafi. Na ga idonka, Abba. Na san wannan kallon, ni na yi wa buta shi.

Na yi shekaru ina cewa da ubana ya tambaye ni da na huta, na sha alwashin ni zan tambayi nawa ɗan. Ga shi na tambaya, a wurin da bai kamata ba, ta hanyar da ba a yi wa ko bare. Tsoro ne. Ina ganin yaran tashar nan da ƙwayoyin da suke haɗiya wai don kada su ji tsoron daji, ina ganin wasu cikinsu abokanka ne, zuciyata ta daɗe tana raya mini abubuwa. Kuma na ji an ce ka fito daga mota kana tangaɗi kana amai, idonka ja. Wannan ba hujja ba ce, bayani ne kawai. Na yi kuskure, kuma ina jin kunyarsa fiye da ta jarka. Sunan ubana gare ka, shi ya sa ban taɓa kiran sunanka na yanka ba. Ka ga ke nan sau biyu ina ɓata tsakanina da mai wannan suna.

Jiya da azahar ina zaure na ji sallama. Na leƙa, sai ga Buba, makiyayin nan na wajen Kakangi da muke ba shi karan gonarmu bayan girbi tun kana goye. Yana tsaye da sandarsa da 'yar ƙwaryar nono. Ka san yadda garin nan ya koma. Mutumin rugar gefen daji a ƙofar gidanka da rana tsaka, kafin ya juya an ce da kai infoman 'yan bindiga, ko da kuwa shi ma an kwashe masa shanu kamar yadda aka kwashe wa kowa. Maƙwabta suna zaune a dakali, na ga kawuna sun juyo. Wallahi ba zan ɓoye maka ba, ƙafata ta ja da baya da kanta, har bakina ya haɗa "ki ce ba na nan." Na waiga, sai na ga Innarka tsaye a tsakar gida da muciya a hannu tana kallona. Na fita. Na shimfiɗa masa tabarma a waje, inda kowa zai gani.

Shi ya ba ni labarin da kai ka hana kowa. Ya ce ranar da aka kama ka matarsa ce ba lafiya, jini ya ƙi tsayawa, direba uku suka ƙi ɗaukarsu, kai ka ɗauka. Jiran da ka yi musu ne ya sa ayarin motocin da masu kaki ke yi wa rakiya ya tafi ya bar ka. Ya ce a wata kwana aka buɗe muku wuta daga cikin daji, ka ce su kwanta, ka riƙa karkata motar hagu da dama, taya ta fashe ba ka tsaya ba, a kan ƙarfe ka yi ta tafiya har ka daki shinge. Ya ce kafin masu kaki su iso kai ka ce masa ya ɗauki matarsa ya bi ta bayan motocin da ke tsaye ya nemi asibiti, don in aka gan shi a wurin bayan an yi harbi, ba mai tambayarsa sunansa. Shi ya sa ka ce wa kotu kai kaɗai ne a motar.

Na ce, "Buba, tsakaninka da Allah, ya sha wani abu?"

Ka ga, ban daddara ba, na sake tambaya. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Malam Ɗanlami, tun safe ina kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Ruwan butata kaɗai ya sha, shi ma sai da na matsa masa. Amai kuwa, ni ma na yi, ni wa ya ba ni giya?" Sannan ya ce matar ta tashi, tana ma iya tatsa. Ya ce a kasuwa ya ji abin da aka yi maka, ya kwana biyu bai iya cin abinci ba. Ya ce, "Yaro ya rufa mini asiri, ni ba zan bar shi a rana ba. Ka kai ni wurin alƙali."

Kalmomin Ladi ke nan, har tsarinsu. Na zauna a tabarmar nan na rasa inda zan sa idona.

Na san abin da za ka ce, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Ni kunyata na ɓoye, kai ran mutum ka kare, ba ɗaya ba ne, kuma ina alfahari da kai a kan wannan ko da ban san da shi ba ranar da na tare ka a tasha. Na gaya wa Buba haɗarin da ke ciki, ban rage masa komai ba. Ya ce ya sani, ya fi ni sani. To, mutum baligi ya auna ya ce zai tsaya, ba naka ba ne ka mayar da shi gida kamar yaro. Abin da ke naka shi ne ka sa a yi abin da tsari. Ka je wurin lauya tun gobe, ka shigar da takardar kafin kwanakin su ƙare, wannan shi ne farko. Ka gaya masa ka ce kai kaɗai ne alhali ba haka ba ne, ka gaya masa dalili, kada ya ji a bakin wani. Shi zai san yadda za a nemi kotu ta saurari shaidar da ba a kawo da farko ba, da yadda Buba zai shiga ya fita lafiya. Katin asibitin matar yana nan, da kwanan watan a jiki, na ce ya adana. Na kuma je wurin mai unguwa da Arɗon su Buba yau da safe, sun ce za su ba shi takardar shaida cewa sun san shi, sun san ubansa. Ba na ce lallai za ku ci ba. Alƙali mutum ne, hukunci na Allah ne. Amma in za ka sha kaye, ka sha shi a babbar ƙofa, ka san ka buga.

Motar kuma kada ka sayar tukuna. In ta kama a biya wani abu kafin a gama, lauya zai gaya maka yadda ake yi ba tare da an ce ka sallama ba, kuma masarar bana tana rumbu. Legas ba ta gudu. In ka wanke sunanka ka ce can kake so, ni zan raka ka tasha in yi maka addu'a a gaban mutanen da na kunyata ka a gabansu.

Na daɗe ban bi hanyar Kaduna ba, tun da idona ya fara rauni na ajiye tuƙi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, tsoronta nake ji. Amma ranar Litinin in Allah Ya kai mu, ni da Buba za mu biyo ayarin safe. Kusa da shi zan zauna, duk shingen da aka ce ya sauko tare za mu sauko, in ce baƙona ne. Kawunka ya san da zuwanmu, na roƙe shi kada ya gaya maka sai ka karanta wannan.

Ba sai ka yi mini magana ba. In ka ga dama ka gaishe ni, in ba ka ga dama ba na ci bashin wannan. Ba zan sake tambayarka komai ba, na ji abin da zan ji. Abu ɗaya nake roƙo. Mutumin nan zai ratsa dajin da aka harbe shi a ciki, ya tsaya a ƙofar gidan da bai sani ba, a garin da yake tsoro, ya yi sallama. Ka fito, Abba. Kada ka sa kowa ya ce ba ka nan.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare mu a hanya, Ya tsare duk mai bin dajin nan da niyyar alheri. Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya ba alƙali ikon ganin gaskiya, Ya jiƙan kakanka, Ya saka wa Ladi a duk inda take. Innarka ta ce a kawo maka yaji da kuka, suna cikin jakata. In mun iso da azahar, ka cika mini buta.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ɗanlami.